Na Kai Ɗan Farina Kwarin Mushe Ari

Ana sallame sallar asuba muka bar gida, ni da ɗana na fari, kowa da ƙunshinsa. Uwarsa ko zaure ba ta rako mu ba. Kun san matanmu da kunyar ɗan fari. Tana tsugune a bakin murhu tana hura wutar da ta riga ta kama, ta ce Allah ya kiyaye hanya, kamar da tukunya take magana. Sai da muka isa tasha yaron ya kwance ƙunshinsa, ya tarar ta cusa masa ƙuli-ƙuli da yaji da sabulu, har da zanen rufarta mai kauri.

Bari in gaya muku abin da ya tashe mu daga Damagaram. Ni tela ne, shagona yana bakin kasuwa. Yaron shekararsa goma sha biyar, kuma yana da i'ina tun yana ƙarami. A ƙaramar lakwal, wato firamare, abin bai dame shi ba, don mushensu, malamin ajin, ya san shi, yana yi masa haƙuri. Da ya shiga kwalej sai labari ya sauya. Aji cike maƙil, kowane darasi da mushensa, kowa so yake a miƙe a amsa masa da Faransanci nan take. Yaro ya miƙe, kalma ta maƙale, aji ya kwashe da dariya, a ce masa zauna. Ga yajin aikin malamai da ya cinye musu watanni. Ya maimaita aji, ya sake faɗuwa, aka sallame shi. Tun daga nan ya rufe bakinsa. Yakan wuni a shagona yana guga, in an yi masa magana ya gyaɗa kai ko ya girgiza. Abin da ya fi tsorata ni ke nan, don yaron da ba ya magana ba ka san inda zuciyarsa ta nufa ba.

Wani ɗan kasuwar Gure da nake yi wa ɗinki shi ya ba ni labarin wani tsohon mushe da ya ajiye aiki, ya koma kwarin iyayensa, yana tara yaran da kwalej ta gagara. Na yi ta juya maganar har kaka ta shigo, sannan na yanke shawara.

Motar da muka samu hiyas ce, ƙaramar bas ɗin nan wadda aka ƙera don mutum goma sha tara, amma karen motar bai lissafa yara da kaji a cikin mutane ba. Kuɗin mota kuwa, tun da darajar kuɗinmu na sefa ta faɗi, kowane shofer sai ya yi maka wa'azin tsadar taya kafin ya karɓa. Muka wuce Mirya rana tana fitowa, manyan kukoki a tsaye kamar dattawa sun fito gaisuwa, gonaki duk an yanke gero, dammuna a jingine ana jiran amalanke. A shingen jandarmomi wani ya leƙo ya tambayi yaron sunansa da inda za shi. Na ga laɓɓansa sun fara rawa, sai na amsa masa da sauri. Haka muka saba, ni da shi.

A Gidimuni ruwa yana ƙyalli a gindin dabinai, mata suka yanyame motar da rake da dafaffen rogo. Na sayi rake sanda guda, muka raba. Wata tsohuwa da ke kusa da mu, wadda haƙoranta suka yi ƙaura, ta ce ita yanzu rake sai dai ta gaishe shi daga nesa. Yaron ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. A Gidigir motar ta yi tari ta mutu. Shofer ya shige ƙarƙashinta, mu kuma muka samu inuwa muka sha fura da nono mai tsami a hannun wata Bafillatana, na ƙara da cuku don guzuri. Daga nan ƙasa ta fara sauya kama. Itatuwa suka ragu, rairayi ya yawaita, wani wurin har ya hau kan kwalta ya kwanta, sai mota ta ratsa shi a hankali.

Bayan azahar muka shiga Gure. Gari ne mai natsuwa, kana jin Barbarci a wannan rumfa, Hausa a waccan, mutum ɗaya ma ya fara magana da wannan ya ƙarasa da waccan. Mai masaukinmu, ɗan kasuwar nan da nake yi wa ɗinki, ya tarbe mu a kantinsa, aka kawo burabusko da miya ta sha man shanu. Na ci har na ji kunyar kwanon. Washegari ya haɗa mu da mai amalanken shanu da zai bi ta wajen kwarin.

Wanda bai taɓa ganin kwari irin na ƙasar nan ba, da wuya ya yarda. Kana tafe cikin rairayi fari fat, ba komai sai ciyawa ƙeƙasasshiya, ka hau wani tudu, sai ka hango kore shar a ƙasa kamar an ajiye kwano. Goruba ta kewaye bakinsa, sai dabinai, sai lambuna na rogo da albasa da rake, can tsakiya kuma kanwa ta yi fari. Kana gangarawa iska mai sanyi take tarbarka.

Lakwal ɗin rumfuna biyu ce ta kaba, da allo na katako da aka shafa wa baƙin fenti. Yaran ba su da yawa, maza da mata. Akwai 'ya'yan makiyaya daga wajen Alakos, waɗanda bin dabbobi ya sa karatu ya wuce su. Akwai yarinyar da ba ta ji sosai, ta yi shekaru a bayan aji ba wanda ya lura. Akwai wani ƙato da aka kora saboda faɗa. 'Yan nesa suna kwana a gidan mushen, 'yan matan kuma suna komawa ƙauyen da ke bayan tudu. Da safe aikin lambu ne da kafa shingayen kaba a kan tudu don tare rairayi. In rana ta ɗaga a zauna karatu da rubutu cikin Hausa da Barbarci, a yi lissafi da awon fangalin da suka shuka da hannunsu. Faransanci sai da la'asar, kaɗan-kaɗan.

Mushe Ari dogon tsoho ne siriri, wandonsa a naɗe, ƙafarsa duk laka. Bayan mun gaisa ya juya wajen yaron.

"Samari, wane aji ka tsaya?"

Na ce, "Aji biyu na kwalej, Mushe."

Ya gyaɗa kai, ya sake duban yaron. "A cikin darussan, wanne ne ba ka ƙi ba?"

Na ce, "Lissafi. Yana da ƙoƙari a lissafi."

Tsohon ya yi ɗan murmushi. "Malam tela, Allah ne ya kawo ka. Keken ɗinkin maiɗakina ya kwana biyu yana cin zare. Ko za ka duba mana shi?"

Na gane korata aka yi cikin mutunci, na tashi. Matarsa, Ya Kellu, ita ke koya wa yaran ɗinki. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo dabino, na kwance keken ina share ƙurar da ta toshe shi. Ita ta gaya mini ƙa'idar wurin. Ba a karɓar yaro don ubansa ya kawo shi. Zai kwana biyu ya ga yadda ake, sannan ya faɗa da bakinsa ko zai zauna. Kuma a nan ba mai ƙarasa wa wani magana, ko da za a wuni ana jira.

Kashegari da hantsi ina kan keken na ji yara suna ban ruwa da jigo. Waƙa suke yi don aikin ya tafi daidai, ɗaya ya bayar, saura su amsa, ana zagayawa. Can sai na ji wata murya ta bayar da baiti, sumul, ba gargada ko kaɗan. Hannuna ya tsaya, don muryar ɗana ce. Rabona da jin muryar nan ta yi tsawo haka har na manta kamanninta, ashe ma ta fara buɗewa irin ta manya. Ban leƙa ba, don kada ya gan ni ya yi shiru.

Na sami Mushe Ari da murnata. Ya ce, "Kada ka ɗauka ya warke. Mai i'ina yakan yi waƙa lafiya lau, hanyarta daban ce. Wataƙila da abinsa zai tsufa. Kuma ni ba ni da takardar shaida da zan ba kowa. Wanda ya murmure nakan shirya shi ya je ya zana jarrabawa, wani ya tsaya ga lambu ko ɗinki. Akwai ma waɗanda suka gudu. Abin da nake da shi lokaci ne, shi kuwa ina da shi da yawa."

Ranar da zan koma, muka zauna mu uku a gindin wani dabino. Can gefe wasu yara suna ɓare rogo. Mushe Ari ya ce, "To samari, Babanka zai tafi. Me ka gani?"

Yaron ya buɗe baki. "Za... za..."

Ya maƙale. Jijiyoyin wuyansa suka tashi, ya runtse ido, yana buga gwiwarsa da hannu. Ni a raina na riga na san maganar: zan koma gida. Tana kan harshena, tana neman fita, don ganinsa a wannan hali yana yanka ni. Na damƙe carbina na dubi ƙasa. Yaran da ke gefe ba wanda ya ɗaga kai, ba wanda ya yi dariya, suka ci gaba da ɓare rogonsu. Tsohon kuwa yana zaune kamar mai jiran shayi ya nuna.

"Za... zare," in ji shi. Ya ja numfashi. "Baba, wa... wa zai riƙa zu-zura maka zare a allura?"

Na rasa inda zan sa idona. Gaskiya ce, ganina ya ragu, kafar allura ta daina bayyana mini. Nakan miƙa masa allurar in ce hannuna da aiki, ina tsammanin ba wanda ya gane, ko uwarsa ban gaya wa ba. Ashe yana lura. Ashe abin da ya riƙe shi ke nan, ba tsoron baƙon wuri ba.

Na ce, "Ƙanwarka ta isa ta koya. Kuma zan sayi luneti na ƙara gani in sa a ido, ai ba a kaina aka fara tsufa ba."

Ya dube ni sosai, kamar yana auna ko da gaske nake. Sannan ya juya wajen tsohon. "To za-zan zauna, Mushe."

Ya rako ni har kan tudu yana riƙe da ƙunshina. Mu ba mu saba da dogon ban kwana ba, ni da shi. Na ciro ƙaramin almakashina na ba shi, na ce ya riƙa taimakon Ya Kellu, kuma ya kula da salla. Ya karɓa da hannu biyu. Amalanke ta yi nisa na waiwaya, yana nan tsaye. Da na sake waiwayawa ya gangara.

A kasuwar Gure na sami wani Bakano da faifan luneti. Na yi ta gwadawa da allura a hannu, wani lunetin ya mai da mini mai kayan mutum biyu, wani ya sa ƙasa ta taso mini, har na dace da wanda ya nuna mini kafar. Bakanon ya ce na yi kama da likita. Na ce ya rage kuɗi tukuna. A hanyar komawa wurin da ke gefena wani mai buhun kanwa ne ya zauna, bai bar ni na yi kewa ba don surutu, amma a Gidimuni na sayi rake na rasa wanda zan raba da shi.

Ana kiran magariba na shiga gida. Uwar yaron ta kawo ruwa, ta tambayi hanya, ta tambayi mai masauki, ta tambayi ko ruwan can yana da daɗin sha. Duk ta kewaye abin da take son ji. Na ce mata, "Ya yi magana." Ta ajiye moɗa a hankali ta ce, "Me ya ce?" Na gaya mata duka. Ta ja bakin mayafinta ta shige ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba.

Abin da na ƙaru da shi a tafiyar nan, 'yan uwa, ba shi da yawa, amma ya ishe ni. Yaron da lakwal ta sallama ba a gama da shi ba, wani wurin zama daban yake buƙata, ko da rumfar kaba ce a tsakiyar rairayi. Ban san ko zai zana jarrabawa ba, ko manomin lambu zai zama, ko tela. Wannan na bar wa Allah. Na dai san cewa da na ƙarasa masa maganar nan a gindin dabino, da tare muka dawo, yana shagona yana guga, ni kuma ina ganin na taimake shi. In kuna da irinsa a gida, ku tambaye shi, sannan ku jira ya gama.