Sunan Tsohuwar 'Yandoto

A tashar Gusau, cikin motar Tsafe da ta ƙi cika, wata budurwa da ke kusa da ni ta kasa zama. Gefen hijabinta duk tabon biro ne. Ta sauka, ta leƙa titi, ta dawo. Daga gani ɗalibar jami'a ce, wataƙila ma ita ce ta fara shiga jami'a a gidansu.

Waya take da ƙawarta. "Ke Muzdalifa, Malam ya ce tarihin nan da na rubuta, in ban faɗi a bakin wa na ji shi ba, sata ce, kuma ba ni gamawa bana. Wallahi ban saci komai ba! Wata tsohuwa ce ta ba ni a 'Yandoto, wajen Tsafe, Inna kawai na kira ta, ga shi yanzu wurinta zan koma. Sa'ar kakata, da wane baki zan tambayi sunanta?"

Da ta ajiye wayar, sai ga leɓɓanta na motsi kamar mai tasbihi. Da na kasa kunne, ashe gwaji take: "Inna, ki gafarce ni, wane suna aka raɗa miki?"

Tsohuwar ba ta nan, amma sai da ta rufe fuska da hijabi.