Baƙon Kifi da Tsohon Amini

Wata rana, a wani ƙauyen masunta da ke bakin wani babban tafki, Sarkin Ruwa Korau ya jawo tarunsa gaɓa, ya tsaya yana kallon abin da ya kamo.

Babu karfasa. Babu kurungu. Tarwaɗar ma sai 'yan ramammu.

Abin da ya cika tarun wani jibgegen kifi ne mai faffaɗan ɓawo a jiki da ɗan gemu a gefen baki.

Ba kifin ƙasar ba ne. Ambaliya ce ta fasa kududdufin wani mai kiwon kifi can sama da garin, ta kwaso shi ta zuba musu. Malaman gona suka ce sunansa kaf. Mutanen gari kuwa Dama-ruwa suka raɗa masa, don aikinsa ke nan: ya tona laka da baki, ya tumɓuke ciyawar da ƙananan kifi ke fakewa a ciki, ya cinye ƙwan 'yan gida, ya bar ruwa kamar kunu.

Ga shi da haihuwa kamar fara.

Korau ya tara masunta. Ya ce in ba a tashi tsaye ba, jikokinsu a labari za su ji karfasa. Shawararsa ita ce a rufe su, wato kamun kifi, a tafkin har shekara ta zagayo, kifin gida ya samu ya huta. Da rani kuma, in ruwa ya ja baya, a haɗu a yi ta jan taru. Ɗan gida a mayar da shi ruwa, Dama-ruwa a fitar da shi, ko da ɗan yatsa ne girmansa.

Wuri ya ɗauki gunaguni. Kowa na tunanin tukunyar gidansa.

Sai Mati ya miƙe.

Mati amininsa ne tun suna yara. A kan gora ɗaya suka koyi iyo. Shi ne abokin ango ranar auren Korau, shi ya shiga kabari ya karɓi gawar mahaifinsa. Ranar nan ya yi magana har muryarsa ta dushe, ya ce duk wanda ya ƙi wannan aiki ya ci amanar kakanninsa. Bai zauna ba sai da kowa ya amince.

Korau ya koma gida yana gode wa Allah da ya ba shi aboki irin wannan.

Da aka zo rabon aiki, bai ko yi dogon tunani ba. Ya damƙa wa Mati aikin kwashe duk Dama-ruwan da aka fitar, ya kai wa wani dillali a birni, a sayo hatsi a raba wa gidaje.

Shekarar ta yi wa mutane tsanani. Matan da ke bandar kifi suka kashe wuta. Gidaje da yawa suka koma miya ba ko ƙaya a ciki.

Ana cikin haka aka kama Hambali, babban ɗan Korau, ya jefa komarsa ta kamun kifi a ɓoye. Matarsa ce ke jego, yana son ya samo mata abin romo.

Doka ta ce a ƙona komar duk wanda aka kama.

Idon gari ya dawo kan Korau. Shi da hannunsa ya ƙyasta ashana, a gaban jama'a, Mati na tsaye kusa da shi yana jinjina kai. Hambali ya juya ya koma gida. Matarsa na gama wanka ya kwashe iyalinsa ya bar garin.

Korau ya haɗiye baƙin cikinsa. Ya ce wa ransa tafkin ya fi ƙarfin gida ɗaya.

Damina ta sauka, ruwa ya fara washewa, aka soma ganin 'yan karfasa suna wasa a bakin gaɓa. Murna ba ta je ko'ina ba sai ga ƙananan Dama-ruwa sun sake bayyana, garke-garke.

Korau ya ɗauka wasu ne suka kuɓuce wa taru. Ya roƙi mutane a ƙara haƙuri. Aka sake ja. Suka sake dawowa.

Mutumin nan har ya rame. Kullum wurin Mati yake zuwa ya sauke damuwarsa, shi kuma ya yi ta ba shi baki.

Wata safiya, wajen jan taru, aka ci karo da wani ƙosasshen bargi, kifin gida irin wanda aka daɗe ba a gani ba. Korau ya riƙe shi, ya mayar da shi ruwa, ya ce wannan albishir ba wanda ya cancanci fara jin sa sai Mati, da yake ranar bai fito ba.

A gida aka ce yana lambu.

Lambun yana can ƙarshen tafkin, inda rafi ke shigowa, wurin da ba kowa ke bi ba. Korau ya ratsa cikin rake yana kwaɗa sallama, bakinsa har kunne.

Sai ya tsaya cak.

Wani rami ne aka haƙa, aka shimfiɗe shi da leda, cike da ruwa. A ciki Dama-ruwa ne masu rai, manyan mata, ciki ya kumbura da ƙwai. Ga Mati tsugune a bakin rafi, yana tuttule bokiti cike da 'ya'yansu cikin ruwan da ke gangarawa tafki.

"Mati, me nake gani haka?"

Ko bokitin bai ajiye ba.

"Sarki, kai tafkin kakanni kake so. Ni kuma dillalina wannan kifin yake so. In ya ƙare, da me zan je masa?"

"A gabanka na ƙona komar ɗana."

"Kai ka kafa dokarka. Ni ban sa ka ba."

Korau ya juya ya kama hanya.

Da ya so, da ya rufa asiri. Ba wanda ya gani sai shi. Amma ana sallame Azahar ya miƙe a ƙofar masallaci ya faɗi komai. Matasa suka je suka cike ramin. Kafin la'asar Mati ya sulale ya yi birni, bai ko waiwayi iyalinsa ba.

Kuna tsammanin an gode wa Korau?

Cewa aka yi mutum biyu da ke cin tuwo a kwano ɗaya, ba yadda za a yi ɗaya ya haƙa rami ɗayan bai sani ba. Wasu suka daina gaishe shi. Ya aika wa ɗansa saƙon neman gafara, amsa ba ta zo ba. Bai jira a tsige shi ba, ya ajiye sarautar da kansa.

Taru kam bai ajiye ba. Shi da 'yan tsirarun da suka yarda da shi suka ci gaba da fita, har ruwan ya soma komawa yadda aka san shi.

Wani ya taɓa tambayarsa ko har yanzu yana jin haushin kifin nan da ya jawo masa duk wannan. Ya girgiza kai.

Ya ce, "Kifi baƙo ne, cikinsa kawai ya sani, bai yi wa kowa alkawari ba. Mati kuwa ni na nuna masa inda ke mini ciwo."

Darasi: Kafin ka damƙa wa mutum maganin wata matsala, duba ko da matsalar yake cin abinci. Wanda ke samu da ciwonka ba zai so ka warke ba, ko da shi ya fi kowa zuwa dubiya. Kuma ƙarfin murya a taro ba shi ne amana ba.

Allah Ya haɗa mu da masu riƙon amana, Ya sa mu ma mu zama su.

In labarin nan ya tuna maka da wani, kada ka kama suna. Tura shi gaba kawai, wataƙila akwai wanda idonsa zai buɗe tun bai ƙona abin da ba zai iya mayarwa ba.