Tabo a Ƙashin Meshak

Meshak Zamani leburan reluwe ne a Kafanchan, cikin masu gyaran layin dogo. Ƙaƙƙarfa ne, ba shi da yawan magana, ran Lahadi kuma shi ke buga ganga a majami'a. A damanar 1975 wani ƙarfen layi ya suɓuce wa abokan aikinsa, ya doke shi a ƙwauri. Fata ta warke, amma ciwo ya zauna a ciki yana ci kamar gara.

Matarsa Paulina ce ta matsa masa, har ya yarda suka je wani asibitin mishan a gindin dutse. A can akwai injin hoton ƙashi da aka kawo kyauta daga ƙasar waje, bayan ya sha aiki a wurin masu shi. Ba ya amfani da fim. Wani faranti ne mai sheƙi ake sa wa mutum a ƙarƙashin ƙafa, hoton ya fito shuɗi a kan takarda.

Likita ya daɗe yana kallon takardar. Daga bisani ya sa yatsa a tsakiyar ƙashin, inda wani tabo yake kamar ƙwayar gyaɗa, ya ce Meshak ya dawo bayan an haƙe citta. Da ya dawo, tabon ya kai ƙwan zabuwa. Ba wanda ya ambaci ciwon daji, amma Hellen, nas ɗin da ke ɗaukar hoton, ta ƙi haɗa ido da shi.

A kan bencin jira ya san Mijinyawa, wani mahauci daga kasuwar Kafanchan, mai yawan raha. Shi ma an ga irin tabon a ƙashin hannunsa. Mijinyawa ya ce shi ba zai zauna abu yana cinsa ba, gara a buɗe a gani. Aka buɗe, ba a ga komai ba. Wurin ya yi ruwa, ya daɗe bai warke ba, hannun ya sandare. Meshak ya gan shi daga baya a rumfar mahauta, zaune a gefe, wasu suna yanka.

Meshak kam ya ce ba za a sa masa wuƙa ba. Ya bar aiki, ya miƙa gangar ga wani, ya nuna wa ƙaninsa iyakar gona. Kowace safiya yakan shafa ƙwaurin, ya ji kamar abin ya ƙara hawa. Matan zumunta suna zuwa addu'a, su yi ƙasa da murya idan sun zo fita. Paulina ta ce su tafi Jos a sake dubawa.

"Maman Emilia, har sau biyu aka gani," ya ce mata. "Me za a nuna mini kuma?"

Shekara ta zagayo bai mutu ba, bai kuma warke ba.

Wata rana da hantsi sai ga Hellen ta zo har gida, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ƙi zama a kujera. Ta ce wani makaniki ya zo daga Kaduna don duba injin. Ya sa farantin ba kowa a kai, ya ɗauki hoto, sai ga tabon ya fito, har ya fi na da girma. Ya bayyana musu cewa an shafe farantin da wani siririn sinadari mai suna siliniyom, wanda ke sumul kamar gilashi yana sabo. Zafi da daɗewa su ke sa shi yin tsaki-tsaki, kamar zumar da ta jima a kwalba. Inda ya yi haka ba ya karɓar haske daidai, kuma wurin faɗi yake ƙarawa a hankali. Tun da a tsakiyar faranti ake ɗora ƙafa ko hannu, nan tabon ke faɗowa.

"Baba, ba a jikinka yake ba," ta ce.

Paulina ta fashe da kukan murna. Meshak ya tambaya ko an gaya wa Mijinyawa. Hellen ta ce daga nan can za ta.

"To, ciwon da nake ji fa?" in ji Meshak.

Ta ce ba ta sani ba. An rufe injin da tamfol, ba a kuma samu sabon faranti ba.

Meshak bai koma reluwe ba, don an riga an ɗauki wani a gurbinsa. Ya koma taya Paulina noman citta, yana dogara sanda. Ya rayu har ya ga jikoki, ciwon kuma bai bar shi ba. Da sanyin damana yakan hau har gwiwa. Bai ƙara yarda an ɗauki hoton jikinsa ba. Idan cefane ya kai shi kasuwa, yakan zaga ta bayan masu doya, don kada ya bi ta gaban mahauta.