Sunan Yayata da Na Sa a Bangon Ƙamus

A lokacin ni ɗalibi ne a Lyon, ina karatun ordinata, wato kwamfuta, ina zaune a Vaulx-en-Velin da ke gefen birnin, ga rawar kai irin ta wanda ya fara iya abu. Akwai wata baiwar Allah 'yar garinmu Damagaram da ke binciken harsuna a Paris. Ba ciki ɗaya muka fito ba, amma Yaya nake ce mata, don ita ta tarbe ni da na sauka ƙasar nan. Tana cikin masu aikin sa kai da ke tara wani babban ƙamus na Japananci a intanet, wanda kowa ke ɗauka kyauta. Ita ce ke ƙara masa ma'anoni da Hausa.

Sai na ce bari in yi mata ba-zata. Na kwashe ƙamus ɗin, na mai da shi littafin karantawa a waya, na kai wani kantin littattafai na intanet. Ta taɓa gaya mini, muna cin dambu a unguwar Château Rouge ta Paris, cewa kyautar da sharaɗi take: a ambaci waɗanda suka yi aikin, kuma kada a kulle shi. Maganar ta shiga ta nan ta fita ta can, don ni a ganina abin da aka ba ka kyauta naka ne. Sunayen masu aikin suka yi mini yawa, na cire. Kantin ya sa makullin hana kwafa, ni kuma ban hana ba. Da yake a gidanmu yaro ba ya shiga gaban babba, sai na sa sunanta ita kaɗai a bango, ina ta murna wai na yi kara.

Ba a jima ba masu aikin suka gani. Aka sauke littafin, aka rubuta a dandalinsu cewa ta kwashe gumin jama'a ta maƙala sunanta, aka hana ta taɓa ƙamus ɗin. Ta kira ni, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba, ta tambaya ko ni ne. Na amsa. Sai ta ce in bar maganar a hannunta, kada a ɓata min suna tun ban gama karatu ba. Wallahi daɗi na ji, kuma wannan jin daɗin ne ke cin raina har yau. Na fake da cewa umarnin babba ne na yi lamo. Da na rubuta musu gaskiya daga baya, sun ba ta haƙuri, amma ba ta koma ba.

'Yan uwa, abin da jama'a suka tara rijiyar wakafi ce, ana ɗiba, ba a sa mata ƙofa. Ku karanta sharaɗi kafin ku ɗauka, kuma kada ku sa sunan mutum ba da saninsa ba, ko da girmamawa kuke nufi. Nakan buɗe ƙamus ɗin wani lokaci in duba. Hausar tana nan inda ta tsaya, ba wanda ya ƙara ko kalma ɗaya.