Makiyayin Kwanaki da Wayar Madawa

A ƙauyenmu kusa da Babankatami, idan gero ya fara nuna, Kaka takan hura wuta a ƙofar ɗakinta da an idar da sallar magariba. Mu jikokinta mu kewaye ta, kowa da zangarniyar gero a hannu, muna gasa tumu muna murzawa, hayaƙi na kore mana sauro. Ita kuwa ta miƙe ƙafafu a tabarma ta ce, “Ku kawo kunnuwanku, ga wata nan tahe.” Mu ce mun kawo.

Ina da shekara tara a lokacin. Babana yana Amurka, a birnin New York, yana sayar da huluna da agoguna a kan tebur a bakin titi. Hotonsa ɗaya muke da shi, yana tsaye cikin rigar sanyi, dogayen benaye a bayansa.

Wata Talata da yamma, Baba Illa, ƙanen babana, ya shigo da rediyo a kunne. Ya ce jirage sun daki manyan benaye biyu a garin da babana yake, sun rushe da mutane a ciki. Innata ta yar da taɓarya, ta ɗauko hoton, ta nuna benayen da yatsa.

“Waɗanga ne?”

Babu wanda ya sani.

Kaka ba ta tambayi labarin babana ba. Babana ɗanta ne na fari, kunya ta hana ta faɗin sunansa tun haihuwarsa, balle ta yi masa kuka a gaban mutane. Ta dubi Baba Illa ta ce, “Gobe akwai mota Madawa?” A can ne gidan waya yake. Ya ce da asuba zai tafi.

Mun ɗauka ba za a yi tatsuniya ba, sai ga ta tana hura wuta. Amma ba ta miƙe ƙafafu ba. Ta zauna, ta tashi ta leƙa zaure, ta dawo ta tona garwashin da ba ya bukatar tono. Sannan ta fara.

Ta ce akwai wani tsoho a bayan dutse da ke kiwon kwanakin shekara, kowace rana akuya ce. Kullum da asuba yakan kwance ɗaya ta shiga duniya, da dare ta koma turkenta, ba ta sake fitowa sai baɗi. Wata mata, wadda rijiya ta rufta da mijinta, ta ɗauki wuƙa ta yi tafiyar kwana bakwai har ta same shi. Ta ce ya nuna mata akuyar ranar da aka yi mata wannan rashi, yanka ta za ta yi.

A nan Kaka ta tsaya, don an ji ƙarar mota daga nesa. Motar ta wuce. Ta ce mu je mu kwanta.

Laraba direban motar kasuwa ya kawo saƙon Baba Illa: waya ba ta shiga, zai kwana a can ya sake gwadawa. Innata ta wuni tsakanin ɗaki da ƙofar gida. Da magariba Kaka ta ɗora daga inda ta tsaya, tana mance abin da ta faɗa jiya, mu muna tuna mata. Tsohon ya jawo wata baƙar akuya mai kaya a baya. Ya ce, “Ga ta. Amma duba abin da taka ɗauke da shi, don in kin yanka, duk tare za su tahi.” Matar ta kwance kayan. Ga mutuwar mijinta. Ga kuma ruwan farko bayan wani dogon fari, ga haihuwar uwar da ta haife ta, ga baƙin cikin wasu mutane da ba ta taɓa jin yarensu ba.

Na ce, “Kaka, ta yanka?”

Ta ce, “Ke, tumunki na ƙonewa.”

Alhamis babu saƙo ko ɗaya. Maƙwabta suka fara shigowa suna zama shiru, irin zaman da ba a faɗin sunansa. Da suka watse, Kaka ta hura wuta, wannan karon ta miƙe ƙafafu. Ta ce matar ta ɗora wuƙa a wuyan akuyar, ta daɗe, sannan ta mayar da ita kube. Ta roƙi tsohon ya bar ta ta zauna kusa da turken. Duk shekara ita ke kwance akuyar da hannunta, ta raka ta bakin duniya, ta jira dawowarta ta ba ta ruwa. Ba ta taɓa son ta ba, amma ba ta taɓa barin ta da ƙishirwa ba.

“Ta ƙare nan,” in ji Kaka. “Wanda bai ƙoshi ba shi sha hura.”

Sai Juma'a Baba Illa ya dawo. Babana yana raye. Ya bar teburinsa ya gudu cikin toka, ya kwana biyu a wurin wasu 'yan ƙasarmu, mutanen garin Buza. Innata ta durƙushe a tsakar gida. Kaka ta ce, “To, madalla,” ta shiga ɗaki ta saki labule, ba ta fito ba sai la'asar.

Yanzu ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Keita. Bara, a sha ɗaya ga Satumba, ranar da benayen nan suka rushe, na ji rediyo na lissafa abubuwan da suka faru a Amurka a rana irin wannan. Wai a ranar ce sojojinsu suka sha kashi a wani gumurzu lokacin yaƙin neman 'yanci. A ranar ce kuma aka fara gina babban gidan sojan da wani jirgin ya faɗa wa a waccan Talatar, shekara sittin cif kafin faɗawar. Na tsaya da alli a hannu ina jiran a faɗi wani abu mai daɗi a cikin kayan akuyar. Ban ji ba, ko kuma hankalina ya riga ya tafi.

Na daɗe ina ɗauka cewa darasin shi ne kowace rana da alherinta. Yanzu ba wannan ke hana ni zama ba. Abin da nake ta juyawa shi ne Kaka ta rufe tatsuniyar ranar Alhamis, ba ta san ko ɗanta na raye ba. Ta yarda ta shayar da ranar tun kafin ta san abin da ta ɗauko mata.

Mijina yana aikin gini a Aljeriya, wani lokaci wayarsa takan yi mako a kashe. A irin waɗannan kwanaki nakan tara 'ya'yana in fara musu labarin makiyayin. Har yau ban taɓa iya sa matar ta mayar da wuƙar kube ba sai bayan wayar ta shiga.