Ɗumin tankin Yaya

Yayana mai faci ne a bakin titin Kankiya. Ni ba sana'ata ba ce, amma tun da matarsa ta rasu, in na sallami ɗalibai da hantsi nakan ɗauki littafina in je rumfarsa in zauna. A nan na san halin tankin iska ba tare da na nema ba.

In ya tada inji yana ɗura iska, cikin tankin yakan ɗau ɗumi kamar bangon da rana ta yini a kansa. Iska in an matse ta wuri ɗaya zafi take yi. In aka kashe inji tankin ya huce, sai allurar agogonsa ta ɗan sauka ko ba a taɓa tiyo ba. In kuma aka sha iskar da yawa, kamar an kawo tayar tirela, ƙarfen ya yi sanyi ƙarara.

Yaya yana da ciwon baya, gadon shekarun duƙawa kan taya. Sai ya gano ɗumin nan yana yi masa daɗi. Ya jawo bencinsa, duk sanda inji ke ruri ya jingina bayansa da tankin ya lumshe ido.

Abin da ya hana ni sukuni ruwa ne. Iskar damina tana shiga da danshinta, in ta huce ruwan ya kwanta a ƙasan tanki yana cin ƙarfe. Akwai ɗan famfo a ƙasa don a riƙa zubar da shi, amma Yaya ba ya buɗewa.

"Yaya, ka tsiyaye ruwan nan mana. Ranar da ya fashe, bayanka ne a jiki."

"Malam, iskar nan da fetur na tara ta. In buɗe ta tafi sadaka? Yi karatunka."

Na faɗa da damina, na faɗa da kaka, har na gaji da jin muryata. Na koma yi masa addu'a kawai duk sanda ya tada inji.

Allah da ikonsa, bai fashe ba. Wata ranar kasuwa muka ji tankin yana tsaki a hankali daga ƙasa, jan ruwa na ɗiga kan ƙasa. Yaya ya aika aka kira mai walda. Mutumin ya sa aka saki iskar duka, ya ƙwanƙwasa ƙasan da guduma, kan gudumar ya nutse.

"Baba, a wannan kake jingina? Ai gwangwanin madara ya fi shi kauri. Wallahi ba zan liƙe shi ba."

"To in yi yaya da bayana?"

Mai walda ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Ni ban yi ba.

Sabon tanki ya fi ƙarfinmu, Yaya kuma ƙarfinsa ya ƙare. Aka tsaga tankin biyu, rabin sama ya zama kwamin shayar da tumakin ɗansa a Yashe, can Yaya ya koma da zama.

Nakan je duba shi ranar Juma'a. Bayan la'asar yakan jingina da bangon masallaci na yamma, wanda rana ta bari da ɗumi. Yakan ce bangon bai kai tankinsa ba. Ba na musu da shi. Sai in gyara masa buzu, mu zauna har bangon ya huce.