Na Je Fatakwal Wanke Kawu

Ana sallame sallar asuba muka bar Funtuwa, ina zaune a gaban wata tirela da ta yi lodin masara a kasuwar Dandume za ta Fatakwal, jakar kyamara a cinyata. Masu tambayata a waya me ya kai mai ɗaukar hoton biki bakin teku ana tsakiyar kaka, to ga amsarku: Kawu ne ya kai ni.

Kawu yayan mahaifiyata ne, yana wani ƙauye kusa da Tsiga. Da ƙuruciyarsa ya yi ci-rani a Fatakwal, ya dawo ya ba majalisa labarin cewa can akwai ruwan da yake kwashe kansa ya tafi da rana tsaka, ya bar kwale-kwale zaune a taɓo, an jima kuma ya dawo, kullum haka. Mu da muka san ruwa yana tafiya da rani ya dawo da damina, wa zai yarda? Tun kafin a haife ni ake yi masa dariya. Har yau in mutum ya shara ƙarya a garin sai a ce, "Wannan ruwan Fatakwal ne." Shugaban masu tsokanar wani sa'ansa ne, tsohon mai awon hatsi. Kawu yana dariya tare da su, amma bana da yanar ido ta fara rufe masa gani ya kira ni ɗaki ya ce, "Ɗana, ba na so in mutu ana kirana maƙaryaci." Ya ba ni jan hiraminsa, wai in yafa saboda sanyin hanya.

Hanyar ba abin da zan ce sai Allah Ya isa. Kwana biyu da wuni muka yi. Daga Kaduna zuwa Lakwaja mun tsaya a shinge har na daina ɗaga kai, kowa da sandarsa mai ƙusa, kowa da takardar da yake son gani. A wajen Inugu taya ta fashe. Direban mutumin kirki ne, sai dai waƙa ɗaya gare shi a mota, kuma yana bin ta da baki. A Lakwaja na ci soyayyen kifi mai daɗi, a Aba kuwa na sayi shinkafa da tsadar da za ta ciyar da gidana, barkonon ciki ya sa ni hawaye a gaban mutane.

Mai masaukina ɗan Malumfashi ne, ya fi shekara ashirin yana sayar da albasa a Fatakwal. Mako guda kafin in taso na roƙe shi ya je ya duba mini ruwan. Ya bugo ya ce, "Malam, na gani da idona, ƙarfe bakwai na safe ba ko ɗigo." Na rubuta bakwai a tafin hannuna kamar lokacin salla.

Washegarin isata bakwai ta yi mini a bakin ruwa, a wata unguwa ta gidajen katako da kwano, masunta na gyaran raga. Ruwa fal! Har yana lasar matakalar gidaje, kwale-kwale sai rawa suke a kai. Na tsaya rabin awa, na koma masauki raina a ɓace. Rana ta biyu na sake sammako. Ruwa na nan yadda na bar shi, ga ruwan sama a kai, irin nasu da ba ya sallama. Na jiƙe sharkaf ina kare kyamara da riga. Na tare mai albasa na ce, "Alhaji, anya nan ka zo?" Ya rantse nan ne, har ya nuna mini turken da ya jingina. Shekara ashirin mutum yana gari, bai taɓa tambayar kansa me ruwan bayan gidansa yake yi ba! Da na matsa masa sai ya ce shi albasa ta kawo shi.

Ba zan ɓoye muku ba, a ranar zuciyata ta fara raya mini cewa ƙila mai awo ne da gaskiya. Na ji kunyar tunanin, amma na yi shi. Kawu ya sa an kira ni a waya, na ce masa aiki na tafiya daidai.

Rana ta uku na yi zuciya, na ce ba inda za ni, ko ni ko ruwan nan. Na sami benci kusa da wata tsohuwa mai sayar da ƙananan dodon-koɗi na zauna. Da ta ga na daɗe ina hararar ruwa ta tambaye ni da Turancin buroka ko wani nawa ne ya faɗa ciki. Na yi mata bayani. Matar nan ta yi dariya har da buga cinya, ta kira maƙwabciyarta ta maimaita mata, suka haɗu suna yi. Sannan ta nuna sama ta ce ruwan nan wata yake bi, ba agogo ba. Kullum yana ƙara jinkirin kusan awa guda, don haka lokacin da ya tafi a makon jiya, shi ne lokacin da yake cika a makon nan. Ashe mai albasa bai yi ƙarya ba, tsohon labari ya ba ni. Ni da na tashi a gidan da ake lissafin komai da wata, daga azumi har ranar suna, sai da na zo Fatakwal aka koya mini kallon sama.

Bayan azahar sai ga shi. A hankali ruwa ya riƙa sulalewa, baƙin taɓo ya fito yana ƙyalli, kwale-kwale suka kwanta a gefe guda, ƙananan ƙaguwa suka cika wurin, mata suka shiga da kwanduna suna tsince-tsince. Wari kuwa kamar an buɗe tsohuwar kwata. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Na ɗauki hoto mai kyau, na tura wa wani ɗan'uwa ya kai majalisa.

Kafin magariba amsa ta zo da muryar mai awo, ana ta shewa a bayansa: "Ka gaida ɗan Kawu, ka ce masa mun ga madatsar Mairuwa da rani. In taɓo yake so, da ya zo fadamata na ba shi kyauta."

Na so in jefa wayar cikin ruwa, sai dai ruwan ma bai gama dawowa ba. Da na huce na gane tsohon yana da hujja. Hoton taɓo taɓo ne kawai. Abin da Kawu ya faɗa tafiya da dawowa ne, kuma hoto ɗaya ba ya nuna wannan.

Rana ta huɗu, wadda ita ce ta ƙarshe don direba ya gama sauke kaya, na fito gari na wayewa. Na nemi izinin wani masunci na ɗaure jan hiramin Kawu a saman turken da suke ɗaure kwale-kwale, hiramin da duk ƙauyen Kawu ya sani. Na kafa kyamara a kan matakala, na zana wurin ƙafafunta da gawayi, na rantse ba za ta motsa ba. Duk awa hoto ɗaya, turke ɗaya, gida ɗaya mai shuɗiyar ƙofa a baya. Rana ta gasa ni, wasu ƙananan ƙudaje suka cinye mini ƙafafu, salla ma a gefen kyamarar na yi. Da hantsi ruwa ya kai wuyan turke. Da la'asar iska ta kwance hiramin ya faɗa taɓo, na shiga ɗaukowa na nutse har gwiwa, na fito da takalmi ɗaya. Ɗayan yana can, na bar wa Fatakwal. Tsohuwar da maƙwabciyarta sun samu abin kallo kyauta. Kafin duhu ruwa ya dawo rabin turke, na ɗauki na goma sha biyu na naɗe kaya.

Dawowa ba labari, waƙar nan ce dai. Na wanke hotunan manya a shagona, ranar Juma'a bayan la'asar na hau mashin zuwa ƙauye, na jera su a tabarmar majalisa daga na safe har na magariba. Abin da tafiyar ta koya mini bai wuce wannan ba: in ka je garin mutane, ka tambayi mai zama a bakin abin, kuma ka zauna ka jira.

Mai awo ya fara cewa aikin kwamfuta ne, sai idonsa ya faɗa kan hiramin a cikin hoton, ya matso kusa. Aka miƙa wa Kawu hoton farko. Ya kai shi dab da fuska, ya juya shi, ya matsar da shi nesa. Bai ga komai ba. Na makara, idon ya riga ya tafi.

Kawu ya miƙa wa mai awo hoton ya ce, "Malam, kai da idonka ke gani, faɗa mini abin da ke ciki."

Mai awo ya yi gyaran murya. "Nan ruwa ya kai wuyan turke." Ya ɗauki na gaba. "Nan ya sauka." Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, muryarsa na ƙanƙancewa. "Nan babu ruwa, jirage na ƙasa. Nan kuma... ya dawo."

"Duk a wuni ɗaya?"

"A wuni ɗaya."

Kawu ya gyara zama, ya laluba ya yafa hiraminsa da har yanzu yake warin taɓo, ya ce, "Haba Malam, da girmanka? Wannan ai ruwan Fatakwal ne."